Waya Ɗaya a Ƙarƙashin Tsakar Gida

Waɗanda suke gidan ran nan ba su da yawa. Akwai ni, ina cikin takaba. Akwai babban ɗana, wanda ba na kama sunansa, Babba nake ce masa. Akwai autana. Akwai Malam, ƙanen marigayi, shi ya raba mana gado. Sai injiniyan da aka ɗauko daga Gama, wani siriri mai jaka a kafaɗa, ya zo a kan acaɓa. Kuku yana kicin, maigadi yana bakin get. Matan 'ya'yan nawa tun da safe na sallame su, na ce kowacce ta kwashi yaranta ta je gidansu ta wuni. In maza suka ɗaga murya, kafin magariba sun fara mantawa, amma matar da ta ji da kunnenta sai ta riƙe maganar har ta aurar da 'ya'ya.

Gidanmu yana Nassarawa a Kano, irin tsofaffin gidajen nan masu fili da itatuwa. Marigayi mijina, Alhaji, aikin ɗab'i yake yi: kalanda, katin biki, takardun ofisoshi. Da mulkin farar hula ya dawo sai fosta ta fi komai kawo aiki. Ya mayar da gareji da falon baƙi ofis, shi muke kira gaba. Ya mayar da boskwata wurin injina, shi muke kira baya. Tsakaninsu tsakar gida ce mai siminti, da bishiyar mangwaro a gefe.

Duk kwamfutocin gaba da na baya suna haɗuwa a wani akwatin ƙarfe mai faɗi, marar tsayi, da ke kan kanta a ɗakin Alhaji, dab da taga. Su Alhaji suna ce masa suwic. Ni akwati nake ce masa. A fuskarsa akwai ramuka a jere, kowane rami da 'yar fitilarsa a sama. Alhaji ya ajiye shi a ɗakinsa ne don nan ne sanyi ba ya yankewa, nan ne kuma mukulli yake hannunsa. Yana kishingiɗe yake sanin wanda ya zo aiki da wuri, don da an kunna kwamfuta fitilarta za ta kama. Daga akwatin waya ɗaya ce ta fita ta bi ƙarƙashin simintin tsakar gida zuwa wani ƙaramin akwati a baya. Da aka binne ta ina tsaye, ni na ce a kauce wa saiwar mangwaron.

Bayan rasuwarsa a ɗakin nake wuni. Ba kuka nake yi ba. Masu zuwa gaisuwa su yi ta hawaye, ni ina lura da wadda ta taka min tabarma da takalmi. In sun tafi sai in koma ɗakin in zauna a kan dardumarsa, carbi a hannu, ina kallon fitilun nan suna ƙifta ido. Ba wani abu nake ji ba. Wurin ajiye ido ne kawai.

Ran sadakar uku Babba da Auta suka yi cacar baki a cikin ɗakin, a kan mukullan durowa, mutane na tsakar gida suna ji. Na fitar da su, na kulle ƙofa, na ɗaure mukullin a bakin zanena. Na ce ba namijin da zai sake taka ɗakin nan sai na fita takaba. Ban ce ban da wane ba.

Gadon an raba shi da wuri, don shekarar zaɓe ce, kowa yana so ya san nasa kafin aiki ya wuce. Malam ya yi rabon yadda shari'a ta ce, ban ji wanda ya ce an zalunce shi ba. Sai dai kayan aiki ba sa rabuwa kamar gona. Ofishin gaba ya faɗa wa Babba, amma teburin karɓar baƙi da kwamfutarsa na Auta ne. Baya ta faɗa wa Auta, amma babban injin buga fosta da ke can na Babba ne, kuma ba ya ɗaguwa sai an fasa bango. Kowa yana da ƙafa a ɓangaren ɗan'uwansa.

Sannan ga siyasa. Babba yana buga wa masu mulkin jiha, Auta yana buga wa masu neman karɓewa. A shekarun nan kowane ɗan takara so yake a gan shi a matsayin mai kishin shari'a, ba wanda zai yarda a buga hotonsa ba hasumiyar masallaci a bayansa. Auta ya zauna ya zana wa wani mai neman majalisa fosta: mutumin ya dafa ƙirji, ga hasumiya, ga famfo yana zubar da ruwa. Kafin ya buga ta, sai ga irinta sak a bangwayen Gama da Gawuna, fuskar ce kawai daban, fuskar abokin hamayyarsa. Daga injin Babba ta fito. Babba ya ce ma'aikacinsa ne ya gan ta a kwamfuta ya ɗauka ta kamfani ce, tunda a zamanin Alhaji kowa yana ganin aikin kowa. Mai yiwuwa gaskiya ne. Ɗan takarar Auta dai ya janye aikinsa.

Auta ya zo bakin ƙofata ya durƙusa ya ce, "Hajiya, na samu shago a can cikin gari, da gidan haya kusa da shi. In ba a raba layin kwamfutocin nan ba, zan kwashe kayana da iyalina."

Na ce, "In an raba fa?"

"In an raba na tabbatar ba ya ganin aikina, ba inda za ni."

Abin da ya kawo injiniya ke nan. Babba ne ya samo shi, a masallaci suka saba. Auta ya yarda ne don Malam ya sa baki.

Da farko Babba cewa ya yi a fasa siminti a binne waya ta biyu, kowa da tasa. Na ce ba za a sa diga a tsakar gidan nan ba alhali ko sawun masu ɗaukar makara bai goge ba. Injiniya, yana tsaye a baranda ni ina bayan labule, ya ce ba sai an fasa ba, waya ɗaya ta isa. Ya fara bayani, rabi Turanci, yana ambaton bilan da tarank.

Na ce, "Yi min Hausa."

Ya ce, "Hajiya, kamar gida biyu su aika niƙa a baro ɗaya. Kowane buhu a ɗaura masa ƙyalle, wannan ja, wannan kore. Akwatin ɗakin Alhaji shi zai riƙa ɗaura wa kowane saƙo alama kafin ya shiga wayar tsakar gida. Akwatin baya ya duba alamar, ya kwance ta, ya miƙa wa mai shi. Hanya ɗaya, amma na wannan ba ya shiga na wancan."

"In buhu ya fashe a hanya fa?"

"Ba ya fashewa, Hajiya."

"Ba ka taɓa aika niƙa ba ke nan."

Malam ya yi dariya. Shi kaɗai.

Injiniya ya ce alamar lamba ce: na Babba goma, na Auta ashirin. Babba ya ce don me ƙaninsa zai fi shi lamba. Auta ya ce ai goma ce gaba, ko nan ma an sa shi a baya. Malam ya ce, "Ku wannan ba kason gado ba ne, suna ne kawai. Ko kuna so in buɗe littafi a kai?" Aka bar lambobin yadda suke.

Ya je baya ya gyara ƙaramin akwatin da hannunsa, Auta yana tsaye a kansa. Da ya dawo ya tuɓe takalmi a bakin ƙofar ɗakin Alhaji, yana jiran a ce ya shigo.

Na ce, "Mayar da takalminka."

Malam ya matso. Da can akwai wasa tsakanina da shi, irin na matar wa da ƙanen miji, shi ne mai ce min tsohuwar soja. Ya ce, "Hajiya, lalura ce. Shari'a ba ta hana ba. Ki sa hijabinki ki koma falo, ya shiga ya fito."

"Na ji shari'a ba ta hana ba. Ni na hana."

"To ɗaya daga cikin yaran ya shiga."

Babba ya ce shi zai shiga. Auta ya ce in Yaya ya taɓa akwatin nan to a bar aikin kawai. Babba ya ce haka shi ma. Malam ya ce su shiga tare. Na ce sun taɓa shiga tare, Kano ta ji.

Injiniya ya leƙa ta taga ya ga akwatin yana kusa. Ya ce, "In Hajiya za ta iya zama hannuna, daga nan ma zan yi." Ya buɗe jaka ya ciro wata waya shuɗiya mai faɗi kamar igiyar zariya, ya zuro bakinta ta tsakanin ƙarafan taga. Ya ce in laluba bayan akwatin, akwai rami guda shi kaɗai, in tura har sai na ji ya ce ƙas. Na ji. Aka kawo masa kujera 'yar tsugunno daga kicin, ya zauna a gindin taga da kwamfutarsa a cinya, labule tsakaninmu. Ba na ganin komai nasa sai yatsun ƙafa.

Ya daɗe yana danne-danne. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa, ban sani ba da ni yake ko da kansa. Ya ce ramukan ashirin da huɗu ne. Na farko da na ƙarshe ya mayar da su manyan hanyoyi masu ɗaukar alama biyu, ɗaya na wayar tsakar gida, ɗaya na wadda ta sauko daga eriyar kan rufi. Sauran ya raba biyu: rabin farko na Babba, rabin ƙarshe na Auta. Abin da ya rage shi ne kowace waya ta koma ramin mai ita, don a zamanin Alhaji duk inda aka samu rami nan ake cusawa.

Ya ce, "Akwai lamba a saman kowane rami."

Na ce, "Ban yi boko ba."

"To ba komai, ƙirgawa za ki yi."

Ga yadda muka yi. Ya ce wa Babba ya je ofis ya zare wayar kwamfuta ɗaya. Ni ina kallon fitilu, wadda ta mutu in ce ga ta. Sai ya ce in danne ɗan harshen da ke bakin wayar in zaro ta, in kai ta rami na biyu. Babba ya mayar da tasa, fitila ta kama ruwan ɗorawa, ta jima, sannan ta koma kore. Sai ta gaba, rami na uku. In ramin da ake so da wata waya a ciki, in zare ta in rataye a ƙusa har a zo kanta. Haka har aka gama na Babba, aka yi na teburin Auta, aka yi ta tsakar gida da ta eriya. Wannan aikin bai yi min wuya ba. Na fi kowa sanin fitilun nan. Tun kafin Babba ya zare wayar kwamfutar da ke kusa da ƙofa na san wadda za ta mutu, don ita ce kullum take fara kamawa da safe.

Akwai waya ɗaya da ba wanda ya zare, fitilarta kuma a mace. Na bi ta da hannu, ta sauka bayan kanta ta ƙare a teburin Alhaji, inda kwamfutarsa take a rufe da tawul. Injiniya ya ce wane ɓangare za a sa ta. Malam ya ce a rabo ta faɗa wa Hajiya. Na ce a bar ta. Na naɗe ta na ajiye a kan akwatin.

Ana haka aka fara kiran sallar azahar. Babba ya ce a gwada kafin a tafi masallaci, shi yana da aiki. Injiniya ya ajiye kwamfutarsa a kan kujerar, suka ɗunguma ofishin gaba su huɗu. Abin da ya faru a can ban gani ba, ji na yi, don tagar ofishin a buɗe take.

Na ji an kunna kwamfuta. Na ji Babba ya ce, "Ina injina? Ba na ganin injina." Sai muryar Auta, a hankali, "Yaya, mene ne wannan a gabanka?"

"Ni ban buɗe ba, shi ya fito."

"Aikina ne na jiya. Ko wanda ya ba ni bai gani ba tukuna."

Malam ya faɗa min daga baya cewa duk ayyukan Auta ne suka jeru a fuskar kwamfutar Babba, har sun fi na da fitowa sarai, ba na kowa a ciki sai nasa.

Auta ya ce, "Dama mutuminka ne. A sahu ɗaya kuke salla."

Injiniya ya ce, "Alhaji, wallahi ba haka na tsara ba. A ba ni minti..."

Auta ya ce, "Ka tsara daidai. Wanda ya kawo ka ya gode."

Babba ya ce, "Kai ka san abin da kake faɗa kuwa? Ni da na rasa injina?"

Na ji Auta ya fito tsakar gida. Ya tsaya a gindin mangwaro, inda nake iya ganin bayansa ta gefen labule, ya kira wani a waya ya ce ya kawo motar bayan la'asar, babbar, da masu ɗauka. Muryarsa ba ta rawa. Irin muryar ubansa ce in ya gama shawara.

Na zauna a bakin gado. Na duba zuciyata in ga ko za ta buga, ba ta buga ba. Abin da ya zo min shi ne kuku ya sa shinkafa ta mutum nawa, ko za ta yi saura.

Suka tafi masallaci a rarrabe. Injiniya bai bi su ba, ya ce zai yi tasa in ya gama. Ya dawo gindin taga ya ɗauki kwamfutarsa. Ina jin numfashinsa. Can ya daina danne-danne.

"Hajiya."

"Ina ji."

"Wayar da na ce ki sa a rami na biyu. A wurina tana nuna na ashirin da uku."

Na kalli akwatin.

"Don Allah, daga wane gefe kika fara ƙirga?"

"Daga dama. Daga ina ake farawa?"

Ya ce, "Daga hagu suke jera lambar."

"Su wa?"

"Waɗanda suka ƙera shi."

Ni tun ina yarinya ban ga abin kirki da aka fara ta hagu ba. Takalmi dama, alwala dama, rabon goro dama, shiga ɗaki dama. Ko allon da na ɗan riƙe kafin a yi min aure daga dama yake farawa. Bai ce min hagu ba, ni kuma ban ga abin tambaya ba. Na farko da na ƙarshe duk manyan hanyoyi ne, shi ya sa musanyarsu ba ta nuna ba, layi ya tafi lafiya. Amma kwamfutocin Babba duk na zuba su a rabin Auta, teburin Auta kuma a rabin Babba. Akwatin ya yi aikinsa, ya ɗaura wa kowa ƙyallen ɗan'uwansa.

Ya ce, "Ni ne ban faɗa ba, kuma ban duba ba kafin mu tashi. Yanzu sai a sake zarewa, ki fara daga ɗaya gefen."

Na ce, "Ba zan fara da hagu a ɗakin mamaci ba. Kai da kake da boko, juya naka."

Na ji kamar ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya ce hakan ma ya fi sauƙi. Ya yi 'yan danne-danne, fitilun suka koma ruwan ɗorawa gaba ɗaya, sannan suka dawo kore ɗaya bayan ɗaya, daga dama.

Da suka dawo daga masallaci na kira Auta bakin taga. Ban saba kiransa ba, shi yake zuwa. Na ce injiniya ya maimaita masa abin da ya faru, a gaban Malam da Babba. Ya maimaita. Malam ya ce, "To ai Hajiya ce a kan sunna, akwatin ne ya saɓa." Ba wanda ya taya shi.

Auta ya ce, "Hajiya, ba sai kin rufa masa asiri ba."

Na ce, "Yaushe ka taɓa ganin na rufa wa wani asiri a gidan nan?"

Ya san ko ubansa ban rufa wa ba.

Na ce, "Ka je ka gwada da hannunka. Kai za ka zauna a kujerar yayanka, shi ya tsaya a bayanka."

Aka kashe kwamfutoci aka sake kunnawa. Wannan karon injiniya ya ɗaga murya don in ji. Ya ce Auta ya nemi aikinsa daga kwamfutar Babba. Ya nema, babu. Ya ce ya aika takarda zuwa babban injin da ke baya. Na ji injin ya yi gurnani ya ja takarda, fitilar tsakar gida tana ƙiftawa da sauri. Suka koma teburin Auta, daga nan ya ga kwamfutocinsa na baya, bai ga injin Babba ba. Sannan injiniya ya ce saura gwaji ɗaya: zai sa kwamfutar Babba ta yi wa ta Auta sallama, a ga ko za ta amsa.

Aka jira.

"Ba amsa," in ji shi. Ya sake. "Ba amsa. Bari mu juya, ta Alhaji ƙarami ta kira ta Alhaji babba." Aka jira. "Ita ma shiru. Alhamdu lillahi, ba sa jin juna."

Malam ya ce alhamdu lillahi. Ni ma na faɗa, tunda abin da aka kira shi ya yi ke nan.

Ya dawo gindin taga ya ce saura ya adana. Na ce adana me. Ya ce in bai adana ba, da an ɗauke wuta akwatin zai manta duk abin da aka gaya masa yau, ya koma yadda yake a da, kowa yana ganin kowa.

Na ce, "Yadda Alhaji ya bar shi?"

"E, Hajiya."

Na kalli wayar Alhaji da na naɗe a kan akwatin. A unguwarmu ba a wuni ba a ɗauke wuta ba, kafin maigadi ya tayar da janareta kuwa akwatin ya mutu ya farfaɗo. Yatsun ƙafarsa suna nan a ƙasan labule, ba sa motsi. Jirana yake.

Na ce, "Adana."

Ya danna. Ya ce in zare shuɗiyar wayar. Na zare, ya janye ta ta tsakanin ƙarafa. Kuku ya kawo masa abinci a baranda, ya ci, ya yi sallarsa a gindin mangwaro, ya yi min sallama daga nesa. Ban sake ganinsa ba, ko da yake ba zan ce na taɓa ganinsa sosai ba.

Bayan la'asar na ji ƙugin babbar mota a waje. Maigadi ya zo tsakar gida ya ce, "Alhaji ƙarami, masu mota sun iso, in buɗe?" Na ji takun Auta ya wuce ta gaban tagata bai tsaya ba. Na ji ƙaramar ƙofar get. An daɗe ana magana a waje, ba na jin abin da ake cewa. Ban ji an ja babban get ba. Can motar ta tashi, ƙarar ta yi nisa ta wajen titi. Takun ya dawo, ya sake wucewa ta gaban tagata, ya nufi baya. Jim kaɗan fitilar tsakar gida ta fara ƙiftawa.

Bai zo ya ce min ya fasa ba. Ban aika a tambaye shi ba. Yana gidan har yau, 'ya'yansa a nan suka girma.

Tun Babba da Auta suna samari Alhaji ya ɗora musu cin rana tare da shi, a kula ɗaya, a falonsa. Bayan rasuwarsa ban sa an canja ba. Kuku ya ajiye kular a falon, wanda ya riga ya ci ya tashi, ɗayan ya zo ya tarar da saura ta huce. Wani lokacin su yi karo a ƙofa, a yi 'yar magana mai zafi a kan waye ya buɗe aikin wa. Ina jin su daga ɗaki. Ran nan da aka raba layin, na lura ba wanda ya je falon. Kuku ya dawo da kular yadda ya kai ta.

Washegari da na idar da sallar walha na shiga sito na ciro wata kula da aka ba ni a wani biki ban taɓa amfani da ita ba. Na wanke ta. Na yage bakin wani tsohon ɗankwali ja na ɗaura a hannunta. Na kai kicin na ajiye ta kusa da ta Alhaji, na ce wa kuku daga yau abinci biyu zai zuba, mai ƙyalle ta baya ce, marar ƙyalle ta gaba, ya ɗauko su a tire ɗaya kada ya yi sawu biyu.

Ya ce, "Hajiya, wa zan fara kai wa?"

Na ce in ya fito daga kicin ya fara da na damansa. Na koma ɗaki na goge ƙurar kan akwatin.